Cibiyar Auta a Gindin Ceɗiya

Malama ce ta yanke wa ceɗiyar hukunci, da bakinta, ranar Asabar da la'asar a taron masu haya.

Gidan bene ne mai hawa huɗu, ɗakuna sun kewaye tsakar gida guda, a tsakiya kuma ceɗiya ta baje kamar ita ta gina gidan. Mutanen ciki kowa da ƙasar da ya fito. In ka hau matakala da rana, sai ka shaƙi ƙanshin tukunya iri biyar kafin ka kai hawa na uku. Abin da ya haɗa su kaf shi ne bututun ruwa, kuma saiwar ceɗiyar ta fasa shi sau uku a shekara guda. A na ukun har ruwan wanke-wanke ya dawo ta makwararar banɗakin hawan ƙasa. Mai gyaran famfo ya tattara kayansa ya ce ko bishiya ko ruwa, su zaɓa.

A wajen taron kowa ya yi ta noƙe-noƙe. Tsohon tela na hawan ƙasa, wanda ya zo daga wata ƙasar tsibirai tun gashinsa na baƙi, ya ce ko a rage rassa kawai. Nas ta hawa na biyu, 'yar ƙasar duwatsu masu ƙanƙara, ta ce ita dai inuwar take ji, saboda shanya. Wane mai shanya ne ke neman inuwa? Ba wanda ya tambaye ta.

Nan Malama ta miƙe. Shekara talatin tana koyar da kimiyya, har yau in za ta yi magana sai ta haɗe yatsu uku kamar tana riƙe da alli.

"Jama'a, mu bar kewaye-kewaye," ta ce. "Bishiya ba kakar kowa ba ce. Saiwa ta sha ruwa da duk abin da ya ruɓe a ƙasa, ganye ya sha rana, shi ke nan labarinta. Ba ta ji, ba ta gani, ba ta fushi. Wanda ya yarda a sare, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kamar na ɗaliban da ba su yi aikin gida ba. Aka tsayar cewa mai zarto zai zo ranar Litinin da ƙarfe takwas. Malama ta hau sama tana jin daɗin kanta.

Washegari da safe suna karyawa, maigidanta, mai gyaran agogo, mutumin da bai taɓa gaggawar faɗar komai ba, ya juya shayinsa ya ce, "Jiya kin yi magana, Malama. Allah ya jiƙan Iya, da tana raye da an sha kallo."

"Me ya kawo Iya cikin zancen bututu?"

"Ai a gindin ceɗiyar ta binne cibiyar Auta."

Auta ita ce 'yarsu tilo. Iya, mahaifiyar maigidan, ita ta laƙa mata sunan, wai ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Yanzu tana aure a wata ƙasa mai nisa, cikinta wata tara cif, haihuwa yau ko gobe.

Malama ta ajiye cokali. "Cibiyar wa?"

"Ta Auta. Ranar da cibiyar ta faɗi, kina barci, Iya ta naɗe ta a tsumma ta sauka da ita. Taku ɗaya daga gindin, ta gabas. Ta ce muddin bishiyar nan na tsaye, yarinyar nan na tsaye. Ta hana ni gaya miki, ta ce kin yi boko da yawa."

"Shekara ashirin da takwas, Baban Auta! Sai yau?"

"Ai ba ki tambaya ba."

Malama ta kwashe da dariya, har da tafa hannu. Ta ce tsofaffi dai da camfi. Ta ce busasshiyar fata ce, ba ta da wayar da ta haɗa ta da kowa. Ta ɗauki burodinta ta kai baki, sai ta mayar da shi faranti.

Ranar nan ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ta leƙa taga sau ba adadi, duk leƙawa kuma ceɗiyar na nan tana kaɗa ganye ko a jikinta. Da rana Auta ta kira tana nishi, ta ce bayanta na ciwo, ƙafafunta sun zama kamar turmi. Malama ta yi mata bayani tiryan-tiryan kan yadda nauyin ciki ke danne jijiyoyi, ta ajiye waya, ta zauna a bakin gado. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma tana jin haushin kanta da take jin sa. Ba ta yarda da maganar Iya ba, ko kusa. Amma a ce ranar da zarto zai shiga bishiyar ita ce ranar da Auta za ta durƙusa? A kan kowa za ta iya gwada kimiyyarta, ban da yarinyar nan.

Ta koma ta ce a fasa sarewa? Ita da ta tsaya gaban mutum ashirin ta haɗe yatsu? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta yanke shawara: za ta tono abin kafin mai zarto ya iso, ta mayar da shi tukunyar fure a kan tagarta, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Litinin gari na wayewa ta sauka da takalmi a hannu. Shebur zai tona mata asiri, don haka tsohon ludayin ƙarfe ta ɓoye a cikin mayafi. Ta nemi gabas, ta jingina diddige da gindin, ta yi taku ɗaya, ta durƙusa ta fara haƙa. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta tono murfin kwalba, ta tono guntun mataji, ta tono wani cokalin shayi da ta tabbata nata ne, wanda ta taɓa zargin maƙwabciya a kansa.

"Malama, an tashi lafiya?"

Saura kaɗan ta faɗa ramin. Tela ne a tsaye da almakashi a hannu.

"Lafiya lau, Baba Tela. Ƙasa nake ɗiba. Ta gwaji. Don 'yan aji."

"Da ludayi?"

"Shi ya fi daidai awo. Kai fa, me ka fito yankawa da sassafe?"

Tela ya dubi almakashin kamar yau ya fara ganinsa. "Iska na fito sha."

Sai ga ƙarar silifa a matakala, Nas ta ɓullo da kofin shayi yana tururi. Ta gan su, ta ja birki, ta kai kofin baki da sauri ta kurɓa, ya ƙone mata harshe.

Tela ne ya fara karaya. Ya ce shi ya tsufa da ƙarya. Ya miƙa hannu cikin wani lungu tsakanin rassa biyu, ya zaro wani jan ƙyalle da ya koɗe. A ciki akwai wasu, sun fi goma.

"A tsibirinmu," ya ce, "in naka ya shiga teku, sai ka ɗaura wa babbar bishiya ƙyalle. Numfashin da ke cikinta shi ke cikin mutum, ita kuma ba ta motsi, sai ta riƙe masa nasa har ya dawo. Ɗana yana aikin jirgin ruwa. Duk tafiya ƙyalle ɗaya. Na zo in kwance su ne kafin a kayar da ita da su. Don Allah kar ku yi mini dariya, mu kaɗai ke wannan shirmen a duniya."

"Ku kaɗai?" in ji Nas, tana fifita harshe. "To ni wa kake tsammani nake kawo wa shayi? A wajenmu kurɓin farko na bishiyar gida ne, don wanda ke zaune a cikinta ya kwana da sanyin rai. Shekara tara ina zuba mata kafin in tafi asibiti. Ni da nake yi wa mutane allura! Kakata ce ta sa ni rantsuwa."

"Shi ya sa tururuwa suka addabe mu a nan," Malama ta ce, don bakinta ya riga ya saba.

Su biyun suka juyo suka dube ta, suka dubi ludayin. Ta yi ta maza na ɗan lokaci, sannan idonta ya kawo ruwa.

"Cibiyar Auta," ta ce. "Surukata ce ta binne. Yarinyar kuma tana kan gwiwa yau ko gobe."

Ba wanda ya yi dariya. Nas ta ajiye kofi ta durƙusa kusa da ita, ta ce su ma suna binnewa, amma a gindin itacen da ke ba da 'ya'ya. Tela ya ce su a gindin kwakwa. Ya tambayi inda aka ce an sa ta, Malama ta ce taku ɗaya daga gindin, ta gabas.

Tela ya sosa ƙeya. "Malama, taku ɗaya daga gindin yaushe? Lokacin da aka haifi Auta ina gidan nan. Ceɗiyar nan kaurinta bai wuce taɓarya ba, da hannu ɗaya nake kama ta."

Malama ta ɗaga kai ta dubi gindin. Mutum uku ba za su iya rungume shi ba, ga saiwoyi sun kumbura sun lulluɓe ƙasa kewaye. Ita da ke zana wa yara zoben shekarun itace a allo, ta manta cewa bishiya na yin ƙiba. Wurin da Iya ta haƙa ya daɗe da shigewa ƙarƙashin gindin.

"To ai sai a tono bayan an sare," ta ce.

"A tono me?" in ji Nas a hankali. "Ke kika koya mana shekaranjiya. Saiwa ta sha duk abin da ya ruɓe a ƙasa."

Malama ta saki hannu daga haƙar. Gaskiya ne, kuma karatunta ne. Cibiyar ta narke tun Auta ba ta fara rarrafe ba, saiwa ta zuƙe ta, ta haura da ita gangar jiki, ta raba wa rassa. Babu abin da za a sa a tukunyar fure. Ta zauna daɓas a ƙasa da ludayinta, tana kallon ganyen da ke kaɗawa a samanta, ta fashe da kuka.

A haka mai zarto ya same su. Ƙato ne, da igiya a kafaɗa da injin zarto a hannu, kuma daga jin harshensa shi ma ba ɗan ƙasar ba ne. Ya dubi ramin, ya dubi ƙyallayen, ya dubi kofin. Ya ajiye kaya, ya cire hula, ya ɗora tafin hannu a jikin ceɗiyar, ya sunkuyar da kai yana motsa baki.

"Malam, me kake gaya mata?" Tela ya tambaya.

"Haƙuri nake ba ta, Baba. Ubana ya ce kar in kuskura in taɓa babbar bishiya ban nemi izini ba. Ni dai ban san ko tana ji ba, amma shekara ashirin ko reshe bai taɓa faɗo mini ba." Ya mayar da hula. "Kullum haka nake tarar da mutane, kowa na ɓoye wa maƙwabcinsa. Hajiya, share hawayenki. Ceɗiya ce fa. Wannan ba ta san mutuwa ba."

Ya hau, ya zaɓi rassa masu kaurin hannu, ya yanko uku da ƙaramin zarto, farin ƙaro na ɗiga. Ya ce a kafa a ƙasa mai laima, kafin wata biyu za ta yi toho, kuma ba 'yarta ba ce, ita ce da kanta. Malama ta san wannan ma, yana cikin littafin aji biyu. Ta zaɓi reshen da ya fito ta gabas, ta rungume shi har ƙaron ya ɓata mata mayafi.

Sauran aikin bai yi daɗin kallo ba. Kafin azahar tsakar gida ta yi fayau, rana ta sauka inda ba ta taɓa sauka ba. Malama ba ta leƙa ba. Tana sama ta cika bokitin fenti da ƙasar da ta haƙa, ta kafa reshen, ta ajiye waya kusa da shi ta zauna gadi. Maigidan ya wuce ya ga jan ƙyalle ɗaure a reshen, ƙasar kuma na ƙanshin shayi. Ya buɗe baki.

"Gwaji ne," ta ce. Ya rufe.

Wayar ba ta yi ƙara ba sai la'asar sakaliya. Muryar Auta ce, a gajiye, a bayanta kuma wani ƙaramin abu na tsala ihu.

"Umma, mace ce. Lafiya lau muke."

Malama ta shiga jera hamdala. Auta ta yi 'yar dariya.

"Umma, kar ki yi mini faɗa. Ungozomar nan ta ce in cibiyar ta faɗi kar in yar, wai a garinsu a gindin bishiya ake binnewa. Na san za ki ce camfi ne. Ni ko bishiyar ma ba ni da ita, a hawa na tara muke."

Malama ta dubi bokitin fenti. Ta share fuska da gefen mayafin da ƙaro ya ɓata.

"Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta," ta ce. "Ki taho da ita in za ki zo. Ina da wuri."