Ɗigon Jini a Bayan Kunne

Tun da aka raɗa wa jaririn suna Abdulkabir, Safara'u ba ta sauke shi daga cinyarta ba. Mata sun cika tsakar gida ana kwasar tuwo, ita kuwa kunnenta na zaure, inda Iliyasu wanzami ke wasa aska.

Shekara biyu ke nan, a rana irin ta yau, hannun nan ya cire wa ɗanta na fari beli. Jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, aka ce kwana ne ya ƙare.

Wannan karon a asibitin birni ta haihu. Wata Malama Halimatu Sadiya, mai binciken cututtukan jini na gado, ta saurari labarin, ta tambaya ko an taɓa yin haka a danginsu. An yi: ƙanen mahaifiyarta, wajen kaciya. Malamar ta ɗebi jinin cibiya, ta ce akwai sabon gwaji mai karanta abin da yaro ya gado. "Za mu kira lambar maigidanki. Kafin nan kar ƙarfe ya taɓa shi."

Surukarta, Inna Tahira, ta ɗaga labule. "Miƙo min angona, wanzami na jira."

"Inna, ba su kira ba tukuna."

"Su wa? Masu karatun jini? Tara na haifa, duk an cire musu beli. Ga mijinki can, ƙato kamar buhun gero."

"Ban da beli, Inna. Wallahi sai dai a haɗa da wuyana."

Inna ta dube ta, ta dubi jaririn, ta ja numfashi. "To, a bar belin. Amma ba za a nuna jikana da gashin ciki ba. Aski ai ba yanka ba ne."

Safara'u da kanta ta riƙe kan yaron, idonta a bakin askar, tana salati har Iliyasu ya gama. Ta sa aka kirawo mijinta, Yahya, bakin ƙofa.

"Malam, ina wayar?"

Ya dafa aljihu. "Kai! Tana wajen mai caji tun shekaranjiya. Hidimar rago ta ɗauke min hankali."

"Don Allah, yanzu."

Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta juya yaron za ta ba shi nono. A nan ta ga ɗigon jini a zaninta. Bayan kunnensa akwai ɗan ƙwarzane, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ta danne da auduga, ta ƙirga ɗari, ta ɗaga. Ya sake tsattsafowa. Ta danne, ta ƙirga ɗari biyu. Audugar ta rine.

Yahya ya faɗo ɗakin ko sallama babu, wayar a kunne. "Sau bakwai suka kira! Malamar ce. Ta ce jininsa ba ya daskarewa, amma akwai allurar da ke tsayar da shi. Ta ce kar a bari wanzami..." Idonsa ya sauka kan audugar.

Safara'u ta riga ta sa hijabi da hannu ɗaya.

"Ce mata ga mu nan. Kar ka kashe babur ɗin."

Ta ratsa mata ba ta amsa barka ko ɗaya ba, babban yatsanta na danne da bayan kunnen ɗanta. Tsakaninsu da birni akwai garin Gezawa, kuma yau kasuwarta ke ci, hanya cunkushe.