Bakin Shuɗiyar Riga

Shekara hamsin da ɗoriya na yi ina taka keken ɗinki, kuma ban taɓa barin wani ya sa reza a ɗinkina ba. Wanda aikina bai yi masa ba ya dawo da shi, ni zan farke da hannuna. Duk layinmu an san ni da wannan doka. Na fara da ita ne don a gane abin da ya haɗa ni da jikata a kan dutse.

Jikar tawa 'yar babban ɗana ce. Karambana nake ce mata tun tana rarrafe, don ba abin da hannunta ke bari a shago, daga alli har kwalbar man keke. Ta girma ta zama mai ɗaukar hoto. Ba irin hoton da muka sani ba, wanda mutum zai tsaya ƙiƙam gaban labule kamar an kama shi da laifi. Ita tufafi take ɗauka. Sai ta sa wa 'yan mata da samari kaya, ta kai su ƙarƙashin gada ko bakin tasha ko jikin bangon da fenti ya ɓare, ta durƙusa, wani lokacin har ta kwanta a ƙasa, tana ta dannawa. Na taɓa ganinta da idona gaban rumfar mai faci, ta jingina wata yarinya da tarin tsofaffin tayoyi. Na ce mata, "Duk gidajen kirkin da ke garin nan, sai bola?" Ta ce ba zan gane ba. Na ce dama ban nema ba.

Ran nan da hantsi ta shigo shago ina fama da zare da allura, ido ya ƙi.

"Angona, ina kwana? Kai, yau ka yi kyau."

"Faɗi abin da ya kawo ki. Ba a yaba ni a banza."

Ta karɓi allurar ta zura mini zaren, sannan ta zauna a kan bencin masu jira. Wai za a baje kolin hotuna a wani babban ɗaki a tsakiyar gari, an ba ta bango guda, karon farko a rayuwarta. Hoto goma ake so, tana da tara, jibi ake rufe karɓa.

"To ni ne na goman?"

"Wa zai kalli wannan fuskar? Baba Tsoho, shuɗiyar rigar Inna nake so. A kan dutse, inda kuke zuwa."

Na ajiye allurar.

Inna ita ce mai ɗakina, kakarta. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Zancen dutsen kuwa likita ne ya jawo shi. Ina ɗan shekara arba'in ƙafafuna suka fara kumbura saboda zama, ya ce in riƙa tafiya mai hawa. Akwai dutse a bayan gari, sai na mai da shi aikin ranar da ba na buɗe shago. Ita kuma ta ce ba za ta bar ni in faɗi a can ba wanda ya sani, za ta riƙa bina da gorar ruwa. Hawanmu na biyu iska ta taso, ta yi wasa da bakin tufafinta, ga mutane na wucewa. Da muka dawo na yanko yadi shuɗi, mafi kyau a shagon, na ɗinka mata doguwar riga mai yalwa har idon sawu. A cikin kalmasar bakin rigar na jera 'yan ƙarafuna masu huda a tsakiya, irin waɗanda ake sa wa noti, guda goma sha biyu, shida gaba shida baya, na rufe da ɗinkin hannu. Iska ta yi ta kanta.

Ta yi ƙorafi. "Tela, ƙarafunan nan naka suna ci mini idon sawu." Na ce gara idon sawu da idon mutane. Daga nan ba ta ƙara magana ba. Shekara ashirin muka yi muna hawa, ni a gaba da sandata, ita a baya da gora.

Ba ni da hotonta, sai ɗan ƙaramin nan na katin shaida, wanda ta fito kamar an yi mata faɗa. Sau nawa masu hoto suka tare mu a hanya, na kore su, na ce aikin marasa aikin yi ne. Rigar ce kaɗai ta rage mini. Tana cikin akwati, a ninke yadda ta ninke ta da hannunta, ban taɓa warware ta ba.

Na ce wa Karambana a'a. Ta ci gaba da zura mini zare a allurai, ɗaya bayan ɗaya, tana cake su a jikin matashin allura. Da ta kai ta bakwai na ce, "Sharaɗi biyu. Ni zan riƙe ta, ni zan dawo da ita. Kuma ko tsinke ba za a sa mata ba."

Washegari bayan la'asar muka kama hanya mu uku. Ta ukun ƙawarta ce wadda za ta sa rigar, wata doguwar yarinya da suke kira Falwaya. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, abin da ya sa na ɗan sassauta mata.

Rabona da dutsen shekara tara. Da, daga tankin ruwa gidaje ke ƙarewa, sai ƙaya da awaki. Yanzu gidaje sun hau har rabi, an yi matakala ta siminti, har da ƙarfen dafawa. Samari na ta wuce mu a guje da waya toshe a kunne, ba sallama. Bishiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta tana nan, amma an kafa mata teburin mai sayar da ruwan sanyi. Na wuce gaba da sandata, ledar rigar a hammata, suna bina.

"Baba Tsoho, a hankali, kada amaryarka ta zama bazawara!"

"Ki ji da numfashinki. Tun ba a haife ki ba nake hawa nan."

Gaskiyar magana gwiwoyina sun gaya mini abin da ban so ji ba, amma ban tsaya ba sai a kan falalen da muke zama. Daga nan gari duka yana shimfiɗe a ƙasa. Da, nakan nuna mata rufin shagona da kan sanda, ita kuma kullum sai ta ce ba shi ba ne, na mai wanki ne. Na duba, na duba. Benaye sun haɗiye layin gaba ɗaya.

Falwaya ta zagaya bayan wani dutse ta ɗora rigar a kan kayanta. Da ta fito na kau da kai na ɗan lokaci. Shuɗin bai kwanta ba ko kaɗan.

Karambana ta tsayar da ita, bayanta jingine da dutse, fuskarta ga rana. Iska na kaɗawa sosai, har tana neman hulata. Ta ɗauka, ta duba, ta ɗauka, ta duba, ta yi tsaki.

"Rigar nan ta ƙi motsi. Ga iska kamar me, ita kuwa kamar an dasa ta." Ta durƙusa ta kama bakin rigar. "Kai! Mene ne wannan? Baba Tsoho, ƙarfe ka sa wa Inna?"

Na gaya mata dalili, a taƙaice.

"Shekara ashirin tana jan ƙarfe a kan dutse?"

"Ba ta mutu da shi ba."

"Don Allah bari in cire ko huɗu ne. Ina da reza a jaka. Gobe ka mayar da hannunka, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"Rana na tafiya fa! Ba ni da wata ranar!"

"Da sharaɗi muka fito. Yarinya, tuɓe rigar, mu koma."

Idon Karambana ya kawo ruwa. Ta miƙe, ta ce, ba da wasa ba wannan karon, "Wallahi Inna ta yi haƙuri da kai."

Na dafa sanda na durƙusa don in duba ko jan da ta yi ya taɓa ɗinkin. Na bi kalmasar da yatsa, kamar yadda nake bin kowane aiki kafin in miƙa. Ɗaya, biyu, uku, har shida, kowanne na nan inda na sa shi. Na ce wa Falwaya ta matso daga jikin dutsen ta juya. Na ci gaba da bi. Babu. Na matsa gaba. Babu. Duk bayan rigar ba ƙarfe ko ɗaya.

Na juyo da kalmasar na kawo ta kusa da ido. Ɗinkin ba nawa ba ne. Manya-manyan taku ne, a karkace, wani ya hau wani, kuma da baƙin zare a jikin shuɗin yadi. Zaren har ya koɗe don tsufa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke ɗinki haka, wadda na hana ta taɓa ko maɓallin rigata.

Falwaya ta ce, "Baba, ni ma dai na ji bayan ba nauyi, kunya ce ta hana ni faɗa."

Na zauna a kan falalen. Sai ga wani abu ya dawo mini. Akwai wani wuri gab da nan, inda hanya ke bin gefen dutse, iska ta fi ƙarfi. Duk sanda muka iso wurin sai in ji tana dariya ƙasa-ƙasa a bayana. In ce, "Me ake wa dariya?" Ta ce, "Ba komai, Tela, ci gaba." Ni kuwa in ci gaba. Shekara ashirin ban waiwaya ba.

"Baba Tsoho, lafiya?"

"Mai da rezarki jaka. Ke kuma, 'yata, kin ga hanyar can da ta bi gefe? Bi ta a hankali, kada ki juyo. Karambana, zo nan bayanta ki tsaya."

"Ta baya? Ba za a ga fuska ba."

"Kin ce tufafi kike ɗauka."

Falwaya ta kama hanya. Taku biyar, taku shida, sai ta iso wurin. Gaban rigar ya tsaya cak yadda na so shi. Bayan kuwa ya tashi, ya buɗe, yadi huɗu na shuɗi yana kaɗawa a saman gari, ya kumbura ya sauka ya sake tashi, rana na ratsa shi. Ni na yanka yadin nan, ni na haɗa shi, ban taɓa sanin haka yake ba. Ina jin Karambana tana ta dannawa, tana cewa, "Tsaya nan! A'a, ci gaba! Wayyo Allah, ci gaba!" Sai kuma na ji yarinyar can gaba ta fashe da dariya, ita kaɗai.

Hulata ta tafi, ban bi ta ba.

Hoton ya shiga bangon, an ce mutane sun yi ta tsayawa gabansa. Ban je ba, ba na son cunkoso. Karambana ta wanko mini babba ta kafa shi a saman keken ɗinki. Masu kawo gyara sukan tambaye ni wace ce, in ce mai ɗakina ce. Ba fuska a ciki, ba mai ƙaryata ni.

Ranar da muka dawo, kafin in mayar da rigar akwati, na shimfiɗa ta a kan tebur, na daɗe ina kallon baƙin zaren nan. A wuri ɗaya ya fara saki. Ga allurai bakwai da zare a zure, ga shuɗin zare a aljihun keke, aikin minti goma ne in farke in mai da shi yadda ido ba zai gani ba. Na ɗauko baƙin zare, na kama wurin da ya saki da taku uku, manya, a karkace. Sai da na yi sau biyu kafin su yi muni yadda ya kamata.