Waken Ozella

Ni ce na ce ya shuka duka. Da bakina na faɗa, ina tsaye a bakin shinge, hannu a ƙugu.

Baba Orval Sizemore maƙwabcina ne ta hagu, shekara ashirin da biyu muna layi ɗaya a garin Dayton, a Amurka. Ya haura tamanin. Yana da kwalbar wake, irin da marigayiyar matarsa Ozella ta taho da shi daga duwatsun Kentucky, wanda kakarta ma shi ta noma. Ba kantin da ake sayar da shi. Duk shekara rabi yake shukawa, ya bar rabi saboda tsaro. In kaka ta yi sai ya tsire waken da ɓawonsa a zare, ya rataye a ƙusoshin baranda ya bushe, yadda Ozella take yi. Sai dai ƙasar bayan gidansa ta gaji, irin sai raguwa yake, har ya koma bai cika tafin hannu biyu ba.

Ni kuwa, Darlene, kowa ya san halina. Tun da na ajiye tuƙin motar 'yan makaranta na tare a kan ciyawar ƙofar gidana. Ban taɓa zuba mata takin kanti ba. Ƙwari da ruwan sabulu da tafarnuwa nake korarsu, dodon koɗi kuma giya nake ajiye masa a faranti, ya sha ya faɗa ciki. Cikin ciyawar na bar 'yar mai ganye uku da farin fure ta yaɗu, saboda ƙudan zuma. Maƙwabcina na dama, Dwight Prewitt, shi motar feshi yake kira, su gama su kafa 'yan tutoci wai kada yaro ko kare ya taka. Shekara nawa ina gasa masa magana a kan haka.

A watan Afrilu na samo kashin doki kyauta a wani barga bayan gari, wanda ya shekara ya ruɓe, baƙi wuluk, a-kori-kura guda. Na baza a ciyawata, na bar tsibi ɗaya a gareji, sauran na tura wa Baba Orval, baro goma sha huɗu, da wannan gwiwar tawa mai ciwo.

"Baba, bana kada ka rage ko ƙwaya," na ce. "Da takin nan sai ka cika kwalba uku, ka ba 'ya'yanka mata ɗaya ɗaya."

"Anya, 'yar nan? Ozella ba ta taɓa juye kwalba ba."

"Ai Ozella ba ta samu irin takina ba! Shuka, ni na tsaya maka."

Ya juya kwalbar a hannu, ya daɗe yana kallonta. Ya shuka duka.

Ciyawata ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, kore shar, har masu wucewa suna rage gudu. Ana cikin haka, wata safiya a watan Yuni, Baba Orval ya kira ni ta shinge, muryarsa wani iri.

Wayyo Allah! Waken da ya kamata a ce ya kama sanduna yana hawa, ga shi a ƙasa a ƙanƙance. Kowane ganye ya naɗe kamar cokali, kan tsiron ya murɗe. Layi huɗu, ba ko ɗaya mai lafiya. Na waiga gidana, sai na lura mai ganye ukun tawa ma ta yi ja ta bushe. Nan take raina ya ɓaci, don na riga na yanke wa ya yi.

Na tarar da Dwight yana wanke mota.

"Dwight! Zo ka ga aikinka!"

"To, Sarauniyar Kashin Doki, yau kuma me na yi?"

"Gubarka iska ta kwasa ta ƙetare gidana, ta kashe wa tsoho waken matarsa! Ka ji daɗi?"

Ya saki tiyon, ruwa na zuba a takalminsa. "Darlene, ranar da suka yi feshi ko ganye bai motsa ba. Ina tsaye."

"Ƙarya kake, mara tsoron Allah!"

Ban tsaya nan ba. Na samu kwali na rubuta "A NAN AKE FESA GUBA", na zana kibiya tana nuna gidansa, na kafa a ƙofar gidana. Matarsa ta daina gaishe ni, ni ko a jikina.

Hujja nake so in kai shi ƙara, don haka na tsinki ganyen na kai ofishin malaman gona na gunduma. Malamar da na tarar ta juya shi sau biyu, ta ce, "Wane taki aka zuba?"

"Na doki, tsantsa. Ba na taɓa kayan guba."

Ta ajiye ganyen. Sannan ta ce in samu kofi shida, uku in cika da ƙasar kanti zalla, uku in gauraya da takin, in shuka waken kanti a duka, in ajiye cikin ɗaki. Haushi ya kama ni. Na zo da maganar Dwight, tana yi mini maganar doki! Na yi ne kawai don in rufe mata baki. Daga tsibin gareji na ɗebo, wanda feshin kowa bai taɓa kaiwa gare shi ba.

Mako uku kofunan suna kan tagar kicin. Ukun farko suka fito fes, ganye shimfiɗe. Sauran ukun kuwa, ranar da ganye na biyu ya buɗe, kofin shayin hannuna ya suɓuce ya fashe. Cokali. Sak irin na bayan gidan Baba Orval.

Na kira malamar. Ta ce akwai maganin da ake fesa wa gonar ingirici, yana kashe duk tsiro mai faɗin ganye ya bar ciyawa. In doki ya ci ingiricin, maganin ya bi ta cikinsa ya fito a kashi yana nan da ƙarfinsa, ko takin ya shekara. Shi ya sa ciyawata ta yi kyau.

"Waken fa? Zai farfaɗo?"

"Ba zai yi 'ya'ya ba. Ku yi haƙuri."

Na zauna daɓas a ƙasan kicin, cikin shayin. Ni! Ni da na shekara goma ina yi wa mutane wa'azi, ni na tura guba baro goma sha huɗu, har ina cewa na tsaya masa.

Na ɗauki kofi ɗaya na zagaya. Baba Orval yana baranda a kujerarsa. Na miƙa masa kofin.

Ko karɓa bai yi ba. "Na sani, 'yar nan."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika kafa kwalin nan. Dubi can."

Ya nuna da sandarsa. A jikin shingen Dwight, daidai inda takin ya ƙare mini ban zuba ba, mai ganye uku tana nan kore da furenta, zuma na yawo a kai. Wata guda ina wuce ta kullum, ban gani ba.

"Haba Baba! Ka bar ni ina zagin bawan Allah? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ga yadda kike ɗingishi da baron nan. Bakina ya yi nauyi. Shi dai Dwight na je na faɗa masa, shi ya ce a ƙyale ki ki gano da kanki." Ya yi tari. "Ki cire kwalin, ki je ki ba shi haƙuri."

"Zan je. Amma ba ko ƙwaya ɗaya? A aljihu, a ƙasan durowa? Wajen 'ya'yanka?"

"Na kira su duka ukun. Na zazzage har rigar girkin Ozella."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya shiga ciki. Na tsaya ina kallon ƙusoshin baranda, guda tara, a jere. Da ya fito kwalbar ce a hannunsa, ya wanke ta tas, da 'yar takardar da Ozella ta liƙa da rubutunta.

"Ungo," ya ce. "Ki zuba maɓallai ko wani abu. Na gaji da ganinta a taga."