Mako Shida Ba Alkama

Mijina Desmond manomin alkama ne, ɗan manomin alkama, jikan manomin alkama. Don haka ranar da na ce masa ina zargin alkama ce take cin jikinsa, kallona ya yi kamar na zagi kakansa. Shekarunsa sittin da ɗaya a lokacin. Cikin shekara uku ya ƙara kilo goma sha tara, alhali abincinsa bai ƙaru da ko loma ɗaya ba, ni nake zuba masa, na sani. Ciki ya fito ya yi tauri kamar ganga, gwiwoyi suna ciwo, kai kullum da nauyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne barci. Mutumin da a da sai na yi faɗa kafin ya zauna, ya koma da ya ci abinci sai gyangyaɗi, ko a ina yake.

A girbin da ya wuce, a kan injin girbi ya yi gyangyaɗin. Injin ya bar layi, ya kwashe shingen waya, ya tsaya taku kaɗan da turken lantarki. Ɗanmu Brendan, wanda suke noma tare, shi ne kuma yake tuƙa babbar motar kai hatsi rumbun gari, shi ya fara isa wurin. Bai yi faɗa ba ranar. Sai da sabon girbi ya matso ya zaunar da mu a kicin ya ce ya gama tunani. Zai bar babansa ya hau injin a bana, amma in aka kai Kirsimeti yana nan yadda yake, to ya sauka ke nan, mu tattara mu koma Mandurah bakin teku, shi kuwa ya ɗauki direba.

Desmond sai juya kofin shayinsa yake yi. Ni kuwa na san Mandurah. Na ga abin da take yi wa manoman da aka kai su hutu: su zauna a baranda suna sauraron hasashen ruwan sama da babu ruwansu da shi, bayan shekara biyu a kira mu jana'iza. Na ba Brendan gaskiya, tsoro yake ji, ni ma ina ji. Amma a raina na riga na yanke cewa mijina ba zai je can ba.

Zargin nawa ba a iska na tsince shi ba. Mun taɓa yin kwana goma a garin Broome wajen ƙanwata, wadda ba ta san komai ba sai shinkafa da kifi, kuma kafin mu dawo sai da Desmond ya matse bel ɗinsa da huda ɗaya. Na kai wannan magana gaban Dakta Perera, likitar da take zuwa garinmu sau biyu a mako. Ta riga ta auna masa jini da sukari da numfashinsa a barci, ba ta ga komai ba. Ta sake gwada shi kan babbar cutar alkama, ita ma babu. Amma ta ce akwai mutanen da gwaji ba ya nuna komai, sai dai jikinsu ba ya shiri da gulutin, wato danƙon nan na cikin alkama da sha'ir da yake sa kwaɓin burodi ya miƙe. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce zargi ne kawai, kuma hanyar ganewa ɗaya ce, ya yi mako shida ko ƙwayarsa kada ta shiga bakinsa.

A ranar na yi wa kicin ɗina wankan tsarki. Fulawa, taliya, biskit, har injin gasa burodi, duk na loda a mota na kai gidan Brendan. Giyarsa ta sha'ir na kyautar wa maƙwabci, Desmond yana tsaye yana kallo kamar ana fita da gawa. Na koyi yin burodi da garin shinkafa. Yankan farko da ya ciza, ya daɗe yana taunawa, sannan ya tambaye ni ko daga katifar ɗakin baƙi na yanko.

"Ci za ka yi," na ce masa.

"Ai ci nake yi, Noelene. Tambaya ce kawai."

Garinmu ba ya riƙe sirri. Kafin mako ya zagayo, abokansa sun fara tsokanarsa cewa ya zama ɗan birni, saura ya sayi keke da matsattsen wando. Wani ya ce manomin alkama da ba ya cin alkama, ai sai a bincika abin da yake sayar wa mutane. Desmond ya shanye duka. Kuma Allah ya sani, cikin mako uku na fara ganin haske. Cikin ya saki, yana tashi daga tebur ya fita aiki ba tare da ya nemi kujera ba. Har na fara ɗaga kai in na shiga kanti.

Sai aka fara girbi a tsakiyar Nuwamba, komai ya dawo ɗanye. Ciki ya sake kumbura, idanu suka yi nauyi. Rana ta biyar Brendan ya kira shi a oba-oba sau uku kafin ya amsa.

Ni fa ba yarinya ba ce. Lokacin girbi kowa ya san yadda burodi da kek suke yawo daga mota zuwa mota. Na ce lallai tsohon nan cin amanata yake yi. Na bincike a-kori-kurarsa, ƙarƙashin kujera, bayan madubi, ban samu ko ɓurɓushi ba. Na tafi gari takanas wajen Glenys mai gidan burodi, na tsare ta da tambaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce rabonta da shi mako biyar, in ma ya hango shagonta tsallaka titi yake yi kamar wanda ya ga tsohuwar budurwa. Ban yarda ba duk da haka. Da na kai masa abincin rana a gona, na ajiye kwanon a kan tayar injin na ce ya gaya mini wanda yake ba shi.

Ya dube ni, ya cire hularsa ya share gumi. "Shekara talatin da shida muna tare. Kin taɓa kama ni da ƙarya?"

"To cikin nan daga ina?"

"Wataƙila tsufa ne kawai, Noelene. Wataƙila yaron nan ya fi mu gaskiya. Ki bar wahalar da kanki da garin shinkafa."

Da faɗa ya yi mini da na ji daɗi. Wannan sanyin murya shi ya tsorata ni, don ban taɓa jin Desmond ya sallama wa wani abu ba, ko fari ko gobara. Na ji kunyar zargin da na yi masa, na kuma ji haushin kaina. Amma kunya ba ta sa na janye ba. Na ce masa daga gobe tare za mu hau injin, zan zauna a ƙaramar kujerar gefe daga safe har yamma, in ga abin da yake faruwa da idona. Ya ce injin ba shi da wurin ajiye surutu. Na ce zan riƙe shi a cinya.

Washegari da hantsi, raɓa ta ɗauke, muka isa filin da za a yanka. Kafin ya tayar da injin ya kutsa cikin alkamar, ya tsinko zangarniya biyu, ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa ƙwayoyin a baki. Ina tsaye ina kallo, ban kawo komai a raina ba. Muka hau. Bayan zagaye biyu ya miƙa hannu ta 'yar tagar da ake ɗebo samfuri daga cikin tankin hatsi, ya cika aljihun rigarsa. Daga nan hannun bai huta ba, aljihu zuwa baki, aljihu zuwa baki, kamar mai cin gyaɗa a kasuwa. Sai a karo na shida ko na bakwai kaina ya waye.

"Des, mene ne a bakinka?"

"Ba komai."

"Tsayar da injin nan ka buɗe."

Ya tsayar, ya tofo a hannunsa. Wani ɗan dunƙule ne fari-fari mai danƙo kamar cingam. In ka tauna ɗanyar alkama ka haɗiye garin, abin da yake saura ke nan. Shi ne gulutin ɗin da kansa, tsantsarsa, wanda na kwashe mako biyar ina farautarsa a cikin kwalaben miya. Na tambaye shi sau nawa yake cika aljihun nan a rana. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, wataƙila biyar, wataƙila shida, kuma danƙon ma haɗiye shi yake yi in ya gaji da taunawa.

"Likita ba ta ce ko ƙwaya kada ta shiga bakinka ba?"

Ya dube ni da gaskiyarsa, babu alamar wasa. "Ai wannan ba ci ba ne. Aiki ne."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Kuma ba ni da bakin yi masa faɗa, domin shekara talatin da shida ina ganin yana wannan abu a gabana, ban taɓa lissafa shi a abinci ba. Babansa ne ya koya masa tun yana ɗan shekara shida. In ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori, ta bushe, a yanka. In ta lotsa, da sauran danshi, a jira. In ta yi danƙo da wuri, alkama ce mai ƙarfi, ta burodi. Akwai na'urar auna danshi a cikin injin, amma Desmond bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, ya ce ita sai an yanka take magana, haƙori kuwa tun alkama tana tsaye.

Ya juya yana kallon filin. Can ya ce shi bai san yadda ake girbi babu haƙori ba.

"Ga nawa," na ce. "Duka talatin da biyu, ban da ɗaya na roba."

Saura kwana ashirin da shida Kirsimeti. Da muka koma gida na kwaso rigunansa na aiki guda biyar na ɗinke aljihunansu kaf da keken ɗinki. Na saya masa gyaɗa soyayya buhu guda, don bakin ya samu abin yi. Kullum da safe mu shiga alkama tare, shi ya murza ya hure, ni in ciza, ya tsare ni da tambaya: ta fashe ko ta lotsa, a haƙorin gaba ko na baya, da ƙara ko babu. Malami ne marar haƙuri, ni kuma ɗaliba mai taurin kai. A kwana na uku na ce ta bushe alhali ba ta bushe ba, aka dawo wa Brendan da mota guda daga rumbun gari saboda danshi. Ya zo ransa a ɓace ya ce mu biyun mun haukace, ga na'ura an saya da tsada. Na ce ya yi haƙuri, na'urar ma za mu riƙa dubawa, amma ba zan sauka daga kujerar nan ba. Bayana ya yi ciwo, ƙura ta toshe mini hanci, haƙorin robar ya tsage. Sau da yawa ina kama hannun Desmond a hanya, ya nufi aljihun da babu.

Ba zan ce abin mamaki ya faru ba. Kilo biyu kacal ya sauke, gwiwoyin suna nan da ciwonsu, Dakta Perera kuma ta ce har yanzu zargi ne, sai an cika mako shidan daga farko. Amma wajen kwana goma cikin ya saki. Ƙarfe biyu na rana, lokacin da barci ya saba kayar da shi, sai ga shi yana musu da rediyo kan wasan kurket. Wata rana Brendan ya ce in sauka in huta, ya hau kujerata ya zauna da babansa tun daga abincin rana har la'asar. Da ya sauko ban tambaye shi abin da ya gani ba, ko da yake tambayar tana cina.

Muka gama girbi ana jibi Kirsimeti, a filin bayan dam, wanda ya fi kowanne kyau a bana. Brendan ya rufe motar ƙarshe da tamfol, ya zagayo yana kaɗe hannu, ya tsaya kusa da babansa.

"Baba," ya ce, "filin nan baɗi alkama za mu maimaita, ko hutar da shi za ka yi?"

Desmond ya dubi filin. Ya ce hutar da shi zai yi, ya zuba tumaki. Brendan ya gyaɗa kai ya hau mota ya tafi, ba wanda ya ambaci Mandurah. Na zauna a kan matakalar injin.

A bakin shinge akwai 'yan zangarniyoyi da injin bai kama ba. Desmond ya je ya tsinko, ya murza, ya hure. Hannun ya tashi har rabin hanya, ya tsaya. Sai ya dawo ya juye mini a tafina. Na watsa a baki na ce masa ta bushe ƙaras.

"Na san ta bushe, ai mun yanke ta. Daɗinta nake tambaya."

Na ce tana da ɗan zaƙi a ƙarshe, kuma danƙon ya zo da wuri. Ya ce haka ya zata, tun watan Agusta ya san filin nan zai yi. Ya ce in tauna a hankali, kada in yi saurin haɗiyewa. Ya tsaya a gabana, hannayensa a baya, yana kallon bakina har na gama.