Furen Banza a Fegi Na Sha Bakwai

Kwana goma sha biyu kacal Ungozoma ta yi ba ta leƙa lambun unguwa ba, don autarta ta haihu a wani gari. Da ta dawo sai ta tarar da jar takarda soke a sandar feginta.

Lambun tsohon wurin ajiye motoci ne a bayan dogayen benaye, aka fasa kwaltar, aka zubo ƙasa, aka yanka shi fegi talatin, kowanne bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Shekara uku ta yi a layi kafin ta samu na sha bakwai. A hawa na biyar take zaune, inda ko tukunyar shuka sai ta yi rigima da igiyar shanya. Takardar kuwa cewa ta yi: an kama ta da sakaci, in ba ta gyara cikin mako uku ba, fegin ya zama na wanda ke biye a layi.

"Gwaggo, ruwa dai na ba shukarki safe da yamma," in ji Tela, maƙwabcinta na fegi. "Amma tsinke furen banza, wallahi nawa ma ya ishe ni."

Furen banza koyarwar Shugaban lambun ce. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin kirki, sai dai yana son abu mai lamba. Shi ya lura kabewa fure iri biyu take yi: wani da ɗan ƙulli a gindinsa, shi ke zama ɗa, wani kuma siririn wuya kawai, ya buɗe ya bushe. Ya ce wannan na biyun cin ƙarfin shuka yake a banza, kowa ya tsinke nasa tun yana toho. Doka ta tara ke nan. Shekara biyu babu wanda ya ga kabewa a lambun. An zargi zafi, an zargi iri, an zargi bakin masu leƙe ta taga. Ba wanda ya zargi doka ta tara, saboda da na'ura aka buga ta, aka kuma sa mata gilashi.

Washegari da sassafe Ungozoma ta duƙa za ta fara tsinka, gwiwa na ƙara. Sai ga ƙudan zuma ya fito daga wani furen banza, jikinsa butu-butu da rawayan gari, ya faɗa cikin mai ƙulli ba ko sallama. Ta bi shi da ido. Ta ɗaga ganye. 'Yan kabewa uku, kore shar, kowace kamar dunƙulen hannu. Ta leƙa na Tela: ƙulle-ƙullen duk sun yi rawaya, suna zubewa.

Shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin haihuwa. Dariya ta kama ta har ta zauna daɓas a kan ƙasa, butar ban-ruwa ta kife mata a zane.

"Tela! Zo ka gaya mini, ka taɓa ganin ɗakin haihuwa ya cika a garin da aka kori maza kaf?"

"Gwaggo, ko rana ce ta buge ki?"

"Ranar gidanku! Kawo mini jan zare."

Ba ta je wa Shugaba da magana ba. Ta yi aiki da likitoci, ta san baki bai isa ya sauke abin da aka rataye a gilashi ba. Kullum da safe, kafin furanni su rufe, sai ta tsinki mazan feginta, ta yaye musu riga, ta bi lambu tana ɗan goga garin a cikin masu ƙulli. Duk wanda ta taɓa, Tela ya ɗaura masa jan zare. "Ki saki jikinki, 'yata, yanzu za a gama," take ce wa fure, Tela na toshe baki kada dariya ta tona su. Kafin mako ya zagayo, masu fegi goma na jiran ta a bakin ƙofa, kowa na rantsuwa shi ya riga zuwa. Fegin Shugaba ma ba ta ƙyale shi ba. Fure huɗu ta samu, ta yi wa biyu, ta bar biyu da gangan.

Ranar da wa'adi ya cika, Shugaba ya iso da fayil a hammata, masu fegi na biye. Na sha bakwai kuwa ya yi rawaya fal da furen banza, ko kunya babu.

"Baiwar Allah, ba a son raina ba," in ji shi. "Doka ta tara..."

"Ranka ya daɗe, ɗan ba ni wuri, naƙuda ta zo."

Ta ciro tsohon ma'aunin jariranta daga jaka, ta yanke babbar kabewar, ta naɗe ta a tawul, ta ɗora.

"Kilo uku da ɗigo huɗu! Uwa da 'ya suna lafiya!"

Lambu ya ɓarke da tafi. Wata ta ce a ba ta ta ɗauka, wani ya ce wallahi da Tela take kama.

Shugaba ya jira hayaniya ta lafa. "Ai bana nawa ma sun kama," ya ce da ɗan alfahari, "kuma ko furen banza ɗaya ban bari ba."

"Mu je mu yi barka."

Aka ɗunguma fegi na ɗaya. Kabewa biyu kwance sun yi ɓul-ɓul, kowace da jan zare a wuya. Sauran biyun, marasa zare, sun yanƙwane a ƙasa.

"Zaren shagona ne, Baba," in ji Tela. "Uban yaran kuma ɗan fegi na sha bakwai ne."

Shugaba ya tsuguna. Ya daɗe yana shafa kabewar da tafin hannu, mutumin da shekara biyu yana ba ta ruwa bai taɓa ganin 'yarta ba. Ya duba yaɗon: ga wasu masu ƙulli uku na shirin buɗewa, ba namiji ko ɗaya a feginsa. Ya miƙe, ya taka har sandar Ungozoma, ya zare jar takardar, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu.

"Fegi naki ne. Doka ta tara kuma, za mu zauna a kanta." Ya gyara murya, ya rage sauti. "Gobe... ko za ki ɗan ara mini uku?"

Ungozoma ta gyara wa kabewarta tawul.

"Akwai layi, ranka ya daɗe. Kai ne na sha ɗaya. Ka zo ƙarfe shida, kuma ka wanke hannu."