Muryata a Ajin Likitoci

Duniya na ce mata Farfesa, ni kuwa Auta nake kiranta, don ƙanwata ce, ni na goya ta. Likitar ƙwaƙwalwa ce, kuma duk shahararta a kan ciwo ɗaya ta same ta, ciwon da ke hawa da mutum sama har ya raina barci, sannan ya jefo shi ƙasa ya kasa ko wanke fuska. Ciwona ke nan. An ce ba mai rubutu a kansa yanzu ba tare da ya ambaci sunanta ba. Ina alfahari da ita, ba na ɓoyewa.

Sai dai akwai abin da masu ambaton nata ba su sani ba. Tana da wata murya da ta ɗauka a rikoda tun tana ƙaramar likita, muryar wata mata da ciwon ya hau kanta, tana zuba ba numfashi. Da ita take koya wa ɗalibai yadda za su gane ciwon da kunne, har wasu jami'o'i suka karɓa suna koyarwa. Ba suna a jiki. Amma muryar tawa ce.

Shekara da shekaru ban damu ba. Ina shan magani, ina ɗinkina, lafiya lau. Sai bana da ɗana ya shiga ajin da ake kunna ta. Yaron ya san ina da ciwo, amma tun da ya yi wayo bai taɓa ganina ciwon ya hau kaina ba. To, wane ɗa ne ba zai gane muryar uwarsa ba? Tsoro ya kama ni, tsoron ya ji ni haka a tsakiyar abokansa, wataƙila wani ma ya yi dariya.

Na same ta a ofis, littattafai har kan kujerar baƙi. Ta kwashe su na zauna.

"Auta, muryar nan nake so ki janye."

Ta juya biro a hannunta. "Yaya, kin san mutum nawa aka gane ciwonsu da wuri saboda ita? Kuma ai da izininki na ɗauka."

"Izini? Ranar ko gidana kika ce in ba ki, da na haɗa miki da na maƙwabta. Ba ke kike rubutawa kada a karɓi alkawarin mai ciwon nan yana sama ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce a ajinta za ta iya dainawa, amma abin ya riga ya fita hannunta, duk ɗalibin da ya nema zai samu.

Na ce to ta kunna min, don ban taɓa ji ba.

"Yaya, ba dole ba ne."

"Kunna."

Ta rufe ƙofa, ta danna kwamfuta. Sai ga wata mata mai irin muryata tana gudu da magana kamar ana korar ta. Wai za ta buɗe shagunan ɗinki a kowace unguwa, za ta ɗinka wa marayun duniya kaya kafin Juma'a, barci na malalata ne. Kunya ta rufe ni. Auta kuwa sabo ya ja ta, tana gaya min a hankali, nan maganar ta ƙara sauri, nan tunani ya yi tsalle. Ta haddace abin sarai.

Ni ba saurin nake saurare ba. Can bayan muryar, ƙasa-ƙasa, jariri ne ke kuka. Kuka na yunwa, wanda ya daɗe har ya fara dishewa. Matar ta dakata kaɗan, ta ce, "A bar shi ya yi, ina da aikin da ya fi shi." Ta ci gaba da maganar shaguna.

"Tsayar," na ce.

Ta tsayar.

"Wane ne yake kukan nan?"

"Wane kuka?"

"Mayar baya."

Ta mayar, ta kara kunne kusa da kwamfutar. Ina kallon fuskarta har ta gane. Lokacin da ta ɗauki muryar nan, ɗana yana cikin zanen goyo, a ɗaki ɗaya da mu. Ta cire tabarau ta ajiye.

Na ce ta tura min a waya. Tunda ba makawa sai ya ji, to zai fara ji a ɗakina, ina zaune kusa da shi, in ya so ya tambaye ni duk abin da zai tambaya.

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba mata. "Wallahi Yaya, ban san sau nawa na kunna ta ba. Ban taɓa jin kukan ba."

Na tashi na gyara mayafina.

"Kada ki damu, Auta. Ni da na haife shi ma ranar na ji, amma kamar ban ji ba."