Sobiyar Gidan Dela

"Ku miƙo min kofin nan, ko in tashi in ɗauka da kaina!"

Luba ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Wai tashi! Tsohuwar da sai an tokare ta da matasai. Amma duk unguwar Hindawiyya ta Jidda an san maƙwabciyarta Hajiya Dela ba ta magana biyu. Ta kuma riga ta rantse, in sobiyar bana ba ta yi mata ba, to a rufe shago, kada a sayar da ruwan banza da sunan ubanta.

Uban nata a ƙasa ya zo hajji daga Katsina. Guzuri ya ƙare, ya zauna Jidda yana jiƙa sha'ir da busasshen burodi, yana haɗa abin shan nan sobiya, yana sayar wa masu buɗa baki. Daga hannunsa ta karɓa. Aikin kuwa na kunne ne. Ka kara kunne jikin ganga, da ka ji ta soma 'yar tafasa sai ka tace. Ka yi sakaci, zafin garin nan ya mai da ita abin da Musulmi ba ya sha, sai zubarwa.

Bana ciwo ya kwantar da Dela, ga azumi ya ƙarato, surukarta Afnan ce ta haɗa. Yanzu ga shi ta cika kofi ta kawo a ɗanɗana. Luba ta karɓi kofin ta kai wa tsohuwar baki, ta zuba mata ido, don da shagon nan gidan ke ci.

Dela ta kurɓa, ta juya a baki, ta yamutsa fuska.

"Kirfa ta yi yawa. Wa ya koya miki, 'yar nan?"

"Ke, ya Ummi," in ji Afnan, hawaye fal idonta.

"To ni na ɓata ki. Ƙaro min."

"Likita fa ya hana ki sukari," Luba ta ce.

"Shi likitan ya taɓa shan wannan? Yalla, cika shi!"

Ai sai Luba ta rangaɗa guɗa. Na'ibi, mijin Afnan, ya fita ko takalmi babu, ya ɗage ƙofar shago. Dela ta shanye tas, ta yi gyatsa, ta ce halas, shi ke nan, a bar ta ta huta.

Ba ta ga watan azumin ba. Wani hantsi Allah ya yi mata rasuwa, cikin sauƙi. Luba ta yi kuka har ta gaji.

Ranar farko ta azumi, bayan la'asar, ta leƙa ta taga. Layi ya kai har kwanar masallaci. Afnan na ta ƙulla sobiya a ledoji, fara da ja, ta sha ɗamara da mayafin tsohuwar.